Sunaye Arba'in da Ɗaya da Hannu Ɗaya

Oxenroyd, 4 ga Fabrairu, 1856

Ƙanwata Tabitha,

Gaisuwa mai yawa daga gidan malamin makarantar Oxenroyd, wanda rufinsa yake yoyo daidai inda kika bar shi shekara shida da suka wuce. Muna lafiya. Matata Dorcas ta rabu da tarin da ya riƙe ta tun Kirsimeti. Ni kuma gwiwar nan tana nan tana sanar da ni za a yi ruwa, labarin da kowa a garin nan ya sani ko ba gwiwa. Ina fata hayaƙin Landan bai gama da ƙirjinki ba.

Wasiƙarki ta iso tare da doguwar takardarta. Na lura ba ki tuna kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito ba sai da aiki ya taso, amma ban riƙe ki ba, haka zumuncin danginmu yake tun asali. Idan na fahimce ki, ke da matan kwamitinku za ku kai wa Majalisa koke, a bar matar aure ta mallaki abin da ta samu da guminta, maimakon dokar yanzu da ta ce duk sulen da ta samo na mijinta ne. Kuna tara sa hannun mata daga ko'ina, za ku liƙe takardun su zama naɗi guda. Kin kuma yi musu alkawarin Oxenroyd, tunda kina da ɗan'uwa a can wanda, a cewarki, ba shi da abin yi daga ƙarfe huɗu. Na gode da wannan shaida.

Zan yi. Ba don na yarda Majalisa za ta saurara ba, na karanta tarihinta daga tushe, ban ga inda ta ji maganar wani kafin ya yi furfura ba. Zan yi ne don rabin matan garin nan a masaƙa suke wuni, kuma duk Asabar nakan ga masu tsayuwa a bakin ƙofa suna jiran albashi. Da yawansu ba su suka yi saƙar ba.

Kin ja layi har biyu a ƙarƙashin cewa takardar ta dawo da tsabta, ba kankara, ba gogewa. Tabitha, shekara ashirin da shida ina koyar da rubutu. Wannan gargaɗin ki ajiye wa wani.

Yayanki,
Barnabas Sugden


Oxenroyd, 15 ga Fabrairu

Ƙanwata,

Muna lafiya, in ban da ƙafafuna, waɗanda suka taka kowane lungu na garin nan a kwana goma saboda ke. Ga takardarki. Sunaye arba'in da ɗaya.

An kore ni daga gida bakwai, an ba ni shayi a gida sha uku, wata tsohuwa kuma ta sa hannu bisa zaton koke ne kan farashin gawayi. Na yi mata bayani sau biyu. Ta ce, "Bar shi, Malam, wannan ɗin ma ai ya dame ni."

Amma suna ɗaya nake so ki tsaya a kansa, Keziah Barraclough. Masaƙiya ce, ta kai shekara arba'in da biyar, yara biyar. Mijinta Enoch yana ɗan taɓa dako a harabar masaƙar idan ya tuna, amma bai taɓa mance ranar Asabar ba. Shi yake karɓar albashinta, ya ba ta abin da ya ga dama, sauran ya wuce da shi mashaya. Ita ta zo ta same ni a kicin, ba ni na je ba. Na gaya mata tunda ba ta iya rubutu ba, ta zana gicciye ya isa, ni in shaida.

"Gicciye na zana ranar aurena," in ji ta, "ka kuwa ga inda ya kai ni. Wannan karon sunana nake so."

Na rubuta mata shi a allo. Kwana tara tana biyowa ta gidanmu bayan an tashi daga aiki, ta zauna kusa da Dorcas tana kwaikwayo, harshe a waje kamar 'yar aji ɗaya. Jiya ta ɗauki alƙalami. Sunan ya fara daga tsakiyar layi ya gangara kamar keken da ya ƙwace a kan tudu, amma ya karantu. Da ta gama ta kama hannun rigata ta ce, "Kada Enoch ya ji." Na ce mata takardar nan daga hannuna sai Landan.

Yanzu batun tsabta. Da kin ga yadda takardar ta koma da kin yi kuka. Tawada ta zube a wuri huɗu, ga man inji, ga zoben kofin shayi, ga sawun yatsun wani jariri da bai san komai kan dokar aure ba. Ba zan bari a kai wannan gaban Majalisa da sunan garinmu ba. Na yi abin da nake sa kowane ɗalibina ya yi da aikinsa na farko: na sayi takarda mai kyau, na fere sabon alƙalami, na kwafe koken da sunayen duka da hannuna, har na jera su bisa harufa don sauƙin masu dubawa. Ba na yabon kaina, amma ina shakkar ko wani gari zai aiko muku da kamarta.

Yayanki,
Barnabas


Oxenroyd, 23 ga Fabrairu

Tabitha,

Lafiya dai? Kwana takwas shiru. Dorcas ta ce ƙila ba ki da lafiya. Ni na ce mata a'a, matan kwamiti ne suke ta miƙa wa juna takardata suna kallo, ba su bar ki kin samu zama ba. Idan suna tambayar wanda ya rubuta, ki ce yana da aure.

Keziah ta tare ni a hanyar coci ta tambaya ko takardar ta isa. Na ce ta isa. Kada ki mai da ni maƙaryaci.

Barnabas


Landan, 26 ga Fabrairu

Yaya Barnabas,

Lafiyata ƙalau. Gidan da nake koyar da 'ya'yansu ne suka tafi da ni bakin teku kwana goma, don ƙaramar tana fama da ƙirji. Jiya na dawo na tarar da wasiƙunka biyu. Ka gaishe da Yaya Dorcas, ka ce na gode da ta damu.

Yaya, me ka yi?

Sa hannu na nema, ba jerin sunaye ba. Kowace mace da hannunta, shi ne dukan amfanin abin. Akawun Majalisa da ya ga sunaye arba'in da ɗaya da rubutun mutum ɗaya zai soke su, kuma ba nan za ta tsaya ba. Akwai waɗanda suke jiran irin wannan, su miƙe su ce mata ƙalilan ne suka zauna a ɗaki suna ƙirƙirar sunaye. Takardarka mai kyau za ta iya ɓata dubbai marasa kyau. Da na ce ba kankara, nufina kada a goge sunan kowa. Man inji ba ya hana Majalisa karatu, su ma tufafin da aka saƙa da shi suke sawa.

Na nuna wa matan kwamiti? Ban nuna ba. Na ɓoye ta a ƙasan akwati.

Ka aiko da ta asalin yau ɗin nan, da dattinta da komai. Ranar Asabar, 8 ga Maris, za mu liƙe naɗin, abin da bai iso ba ya tsaya. Tun jiya nake tunanin Keziah da kwana taranta. Sunanta na nan gabana, ya yi kyau ƙwarai, kuma babu ita a ciki ko kaɗan.

Ƙanwarka,
Tabitha Illingworth


Oxenroyd, 28 ga Fabrairu

Ƙanwata,

Jikinmu lafiya. Sauran kuma ki karanta ki yanke hukunci.

Ta asalin babu. Kin san yadda muke yi a makaranta: idan an kwafe aiki, na farkon ya zama shara. Kin kuma san inda shararmu take zuwa. Duk Asabar ana ɗaure tsoffin takardu a kai wa Tordoff mai kanti ya riƙa ƙunshe kaya, shi kuma ya aiko wa Dorcas ɗan ganyen shayi. Shekara ashirin da shida ana haka. Ban ma yi tunani ba, hannuna ne ya jefa ta a kwandon kamar yadda ya saba.

Da wasiƙarki ta iso jiya da safe na bar yara da lissafi na ruga kantin, ni da gwiwata. Tordoff ya ce doguwar nan ai ya yanka ta gida takwas, mai kauri ce, tana riƙe maiƙo. Ta tafi da man shanu, da sabulu, da kyandir. Wato ƙanwata, sunayen da mata suka ba ni a asirce, ni na raba su gida gida a garin, kowanne naɗe da cefane.

"Af, Malam," in ji Tordoff, "Enoch Barraclough ma na nemanka."

Bai sha wahalar nema ba, a ƙofar makaranta na tarar da shi. Ashe shekaranjiya da rana ya sayi cuku ya shiga mashaya da shi. Bai iya karatu ba, amma na kusa da shi ya iya, ya kuwa karanta wa kowa da ƙarfi.

"Malam," ya ce, yana kaɗa mini guntun takardar a hanci, "cukun kwabo biyu na saya, sai ga matata a jiki. Wa ya koya mata?"

Na ce ni ne.

"Shekara ashirin ba ta san rubutu ba muna zaune lafiya. Kai kana da taka matar, me ya kai ka gyaran tawa?"

Na fara yi masa bayanin doka tun daga zamanin sarakunan farko. Ya tofar da yawu kusa da takalmina ya tafi, kuma gaskiya ban ga laifinsa a wannan ɗaya ba.

Yau na tsaya a ƙofar masaƙa lokacin cin abinci. Keziah ta fito ta ja mayafinta ta rufe gefen fuska ɗaya. Na cire hula.  Ita ta yi magana, a hankali.

"Ka ce daga hannunka sai Landan."

Ta wuce.

Akwai saura, tunda na fara tonawa bari in gama. Na karanta wa Dorcas wasiƙarki a kicin. Ta ci gaba da murza ƙullu, sannan ta ce, "Na ga sunana a kwafin nan naka kafin ka rufe. Yaushe na sa hannu?"

Na ce ai na san za ta yarda, shi ya sa ban ɗauke ta daga aiki ba.

"Enoch ma haka yake cewa in ya je karɓar albashi," ta ce. "Miƙo min gishiri."

Saboda haka arba'in ne, ba arba'in da ɗaya ba. Idan kina da wata takardar, ki aiko. Idan kin fi so ki cire Oxenroyd daga lissafinku, ba zan ce komai ba, abin da kin san ba ƙaramin alkawari ba ne daga bakina.

Yayanki,
Barnabas


Landan, 1 ga Maris

Yaya Barnabas,

Ina lafiya. Na yi fushi kwana ɗaya, na yi dariyar cukun rabin sa'a, Allah ya yafe mini, sannan na koma kan mayafin Keziah, dariyar ta tsaya. Laifin ba naka kaɗai ba ne. Mu nan muna zaune a ɗaki mai darduma muna cewa a tara sunaye, ba ma lissafa abin da suna ɗaya yake ci a gida irin nata.

Ga sabuwar takarda. Ka lura sunan Yaya Dorcas na rubuta a ambulan, ba kuskure ba ne. Ita za ta riƙe. Kai aikinka ɗaukar tawada. Kada ka gyara, kada ka jera, kada ka busa don ta bushe. Idan ta shiga jakar wasiƙu ranar Alhamis za ta same mu.

Abu ɗaya nake roƙo: kada kowa ya je wa Keziah. Ta biya sau ɗaya. Gara naɗin ya tafi babu ita da a sake taɓa ta saboda mu.

Tabitha


Oxenroyd, 6 ga Maris

Ƙanwata,

Muna lafiya. Ina rubutu a tsaye a gidan waya, mai jakar wasiƙu ya ba ni minti ashirin, don haka ki yi haƙuri da rubutun. Ban taɓa zaton zan roƙi wannan a wurin kowa ba.

Dorcas ta yi a kwana uku abin da na yi a goma. Ba ta bi gida gida kamar mai tallar magani ba. Ta san ranar wankin kowa, ta san lokacin da mazan ba sa nan, ta san wadda za a fara da ita sauran su biyo. Ita ta fara sa hannu, a teburin kicin, bayan ta sa ni na karanta mata koken daga farko har ƙarshe na kuma tambaye ta ko ta yarda. Ta ce za ta yi tunani. Ta sha shayi kofi guda tana kallona, sannan ta sa. Ni kuwa ina biye da ita a titi da kwalbar tawada a hannu biyu kamar mai ɗauke da jariri, mata suna leƙowa suna cewa, "Dorcas, kin yi sabon ɗan aike? Ya iya riƙe sirri kuwa?"

Sha biyu daga na farko sun ƙi. Ban ga laifinsu ba, wasu sunayensu sun shiga gida da sabulu. Amma huɗu sababbi sun zo da kansu, waɗanda ba su taɓa jin labarin koken ba sai da aka yi ta surutun cuku. Da alama kantin Tordoff ya fi ni iya yaɗa magana.

Mun bi umarninki, ba mu je wa Keziah ba. Yau da tsakar rana muka tsaya a ƙofar masaƙa don wasu biyu da suka ce mu same su a can. An busa usur ɗin tashi, mata suka fito da ƙunshin abincinsu. Enoch na zaune a kan buhun ulu a harabar, da abokansa. Na ce wa Dorcas mu matsa gaba. Kafin mu motsa sai ga Keziah ta ratso mutane ta tsaya a gabanmu. Ta sauke mayafin. Kumburin fuskarta ya sauka, ya bar shuɗi.

"An ce sabuwa ta zo," ta ce. "Kowa an je masa ban da ni. Na mutu ne?"

Dorcas ta ce, "Keziah, yana kallonki."

"Na gan shi. Ai abin da ake ɓoyewa ya riga ya ci shi da cuku. Ina alƙalamin?"

Babu tebur a wurin, bangon kuma jiƙe yake. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, juya ka sunkuya." Na juya na sunkuya. Dorcas ta shimfiɗa takardar a bayana. Ki hango ni, Tabitha, shekara arba'in da tara, na san Latin da ɗan Girkanci, hannuwana a gwiwa a gaban ma'aikatan masaƙa ɗari biyu, ina kallon takalman Enoch suna matsowa.

"Keziah," ya ce, "sunan nan da za ki rubuta nawa ne. Barraclough na ubana ne. Ban ara wa takardar nan ba."

Na ji alƙalamin ya tsaya a tsakanin kafaɗuna.

"Shekara ashirin ina ciyar da sunan nan," ta ce. "Ni na sa masa takalmi, ni na saya masa giya. Yau zan aike shi Landan, ka matsa kana tare mini haske."

Wata daga baya ta yi shewa, sauran suka ɗauka. Ban ga fuskarsa ba, takalman kawai na gani. Sun tsaya, sun tsaya, sannan suka juya. Ita kuma ta ci gaba, harafi bayan harafi, tana dannawa har ina jin kowanne a ƙashin bayana. Ta daɗe. Gwiwata ta yi ta kuka, ban motsa ba. A harafin ƙarshe bakin alƙalamin ya huda takardar, tawada ta zube, za ki gani. Rigata ma ta tafi.

Kada ki ɗauka an yi nasara. Yau gida ɗaya za su kwana, jibi Asabar kuma zai tsaya a layi ya karɓi albashinta, doka na bayansa. Dorcas ta gaya mata ƙofar kicinmu ba a kulle take ba, ita da yaran. Ta ce ta ji.

Sunaye talatin da uku, kowanne da hannun mai shi. Ta ba ni saƙo gare ki, na kuma yi alkawarin ba zan gyara shi ba. Ta ce: "Tambayi 'yar'uwar taka, in ya isa can, akwai wanda zai karanta sunayen da baki, ko awo kawai za su yi?"

Mai jaka yana buga ƙafa.

Barnabas


Landan, 10 ga Maris

Yaya Barnabas,

Ina lafiya, sai dai yatsuna duk gam. Ka gaishe da Yaya Dorcas gaisuwa ta musamman, ka gaishe da gwiwarka.

Takardar ta iso ranar Juma'a. Ranar Asabar muka ture kujeru muka shimfiɗa takardun a ƙasa, mu tara a durƙushe, muna liƙawa. Oxenroyd ta faɗa tsakanin wani garin masu tukwane da wata unguwar masu wanki. Wata baiwar Allah a cikinmu ta ga hujin da tawadar ta ɗauko almakashi, wai a datse layin ƙarshe don kada ya ɓata sauran. Na karɓe almakashin.

Ga amsar Keziah, ka faɗa mata yadda na faɗa. A Majalisa ba za su karanta ba. Wani zai miƙe ya faɗi abin da ake nema da yawan masu nema, akawu ya ƙidaya, a naɗe a kai ɗakin ajiya. Ba zan yi mata ƙarya ba, an yi mata isasshe.

Amma kafin mu naɗe na ce kowa ta dakata. Na tsaya a kan takardarku na karanta talatin da ukun da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, mata takwas suna durƙushe suna ji. Nata ne na ƙarshe. Ka ce mata an kira Keziah Barraclough a Landan ranar Asabar, wajen ƙarfe uku na rana, kuma ban yi tuntuɓe a ko harafi ɗaya ba.

Ka rubuto mini yadda ta kwana. Kada ka kwafe, aiko na farkon.

Ƙanwarka,
Tabitha